Yadda Aka Koyar da Masu Jinya a Ƙasar Jazira ta Sudan

Yawancinmu mun san labarin alhazan dā waɗanda suka tafi Makka a ƙasa, suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, waɗansu suka yi shekara bakwai ko goma a hanya, waɗansu kuwa ba su komo ba har abada. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, ina waɗanda ba su komo ba suka zauna, wane ne kuma yake duba lafiyar jikokinsu. Da yawa daga cikinsu suna nan a ƙasar Sudan, a wani fili mai faɗi tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Hartum. Larabawa suna kiran wurin Jazira, watau tsibiri, gama koguna biyu ɗin nan sun sa shi a tsakiya. A can akwai ƙauyukan da ake jin Hausa tsantsa, ana cin tuwo, ana yi wa jariri suna ran bakwai. Mutanen Musulmi ne, amma harshenmu ɗaya, ciwon da ke kashe matansu wajen haihuwa kuwa shi ne ke kashe namu. A ƙasar nan tasu an yi gwaji har sau biyu a kan yadda ya kamata a koyar da mai jinya, labarin gwajin kuwa ya isa a ji shi.

Babban zuwan mutanenmu ya biyo bayan yaƙin Burmi ne. A watan Yuli na 1903 sojan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake ce wa Mai Wurno, ya ja sauran jama'a, Fulani da Hausawa, suka nufi gabas. Wajen 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, garin da suka kafa kuwa har yau sunansa Mai Wurno. Bayansu sai ayari a kan ayari, masu niyyar haji waɗanda guzuri ya ƙare musu. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira, aka haƙa magudanai dubbai domin kai ruwa gonaki. Gonar ta bukaci hannuwa, mutanenmu kuwa ba su tsoron fartanya. Waɗansu suka sami gona, amma mafi yawa suka zama 'yan ƙwadago, suna shema suna tsinkar auduga, suna zaune a 'yan unguwanni a gefen magudanai, waɗanda ake kira kambo. Mutanen ƙasar suka haɗa su duka, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, suka sa musu suna ɗaya, Fallata.

Ruwan da ya kawo arziki shi ne ya kawo cuta. Magudanar da ba ta gudu da ƙarfi gidan sauro ce, gidan katantanwa kuma, wadda tsutsar tsargiya take girma a cikinta. Mutumin kambo a nan yake wanka, a nan matarsa take wanki, a nan yara suke iyo da rana tsaka. Saboda haka zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suka zauna a Jazira kamar masu gida. Sai mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, gama za mu komo kansa.

Gwaji na fari an yi shi a Omdurman, ƙetaren kogi daga Hartum. A 1920 gwamnati ta kawo wata Baturiya, nas kuma ungozoma, mai suna Mabel Wolff, wadda ta yi aiki a Masar ta kuma ji Larabci. A 1921 ta buɗe makarantar koyon ungozomanci. 'Yar'uwarta Gertrude ta biyo ta a 1925 domin koyar da nas-nas mata a asibitin mata na garin, daga baya ta koma makarantar ungozomomi, suka yi aiki tare har suka bar ƙasar a 1937.

Ɗaliban da Mabel ta tarar ba irin waɗanda ta sani a Ingila ba ne. Tsofaffi ne masu karɓar haihuwa tun dā, waɗanda ake kira daya a Larabcin Sudan. Ba mai iya karatu a cikinsu ko ɗaya. A wancan zamani macen Sudan tana haihuwa ne a tsaye ko a tsugune, tana riƙe da igiya da aka ɗaure a rufin ɗaki, ungozoma kuwa tana aiki a ƙarƙashin mayafi, da hannu kawai, ba ta ganin abin da take yi. Ga kuma wata wahala babba. Yawancin matan arewacin Sudan an yi musu irin kaciyar nan mai tsanani wadda ake ɗinke jiki, don haka ba mai haihuwa sai an yanka hanya, yankan kuwa da aska marar tsabta, a cikin duhu. Mata da yawa sun mutu ta haka, da jini ko da zazzaɓin bayan haihuwa.

To, me malama za ta yi da ɗaliba mai furfura wadda ba ta san harafi ba? Da ta bi hanyar da aka koya mata, da sai ta tsaya gaban allo ta yi ta faɗa, tsofaffin su yi ta gyaɗa kai, a rabu ba wanda ya ƙaru. Mabel ta duba abin da matan nan suke da shi, ta ga suna da hanci, da harshe, da yatsu, da kuma tunani mai riƙe abu kamar na duk wanda bai dogara ga takarda ba. Sai ta gina koyarwarta a kan waɗannan. Kowane magani, ɗaliba za ta san shi ta wari, ko ta ɗanɗano, ko ta kamanninsa da yadda yake a hannu, har ta iya rarrabe su ba tare da duba rubutun kwalba ba. Za ta maimaita wanke hannu da yanke farce da tafasa almakashi har su zama mata jiki. Za ta koyi kwantar da mai naƙuda a gado, ta yi aiki da idonta a buɗe. In za a bayyana mata ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, sai a ɗauko misali daga abin da ta sani a cikin gida, abinci da yake lalacewa in an bar shi a buɗe, ƙwari da suke shiga ta kafar da ba a toshe ba. Bayan 'yan watanni sai a ba ta akwatin ƙarfe da kayan aiki a ciki, kowane abu da mazauninsa, da takardar izini, ta koma garinsu. Malamar kuma takan zaga larduna tana buɗe akwatunan nan ɗaya ɗaya, ta ga ko almakashi ya yi tsatsa, ko an manta da abin da aka koya.

Akwatin nan ya zama alamar ungozomar gwamnati a Sudan duka. A cikin waɗanda makarantar ta yaye akwai Sitt Batul Muhammad Isa, wadda ta shiga a shekarun 1920 ta zama malama a wurin, ta yi shekaru masu yawa tana koyar da 'yan'uwanta mata. Bayan yaƙin duniya na biyu aka buɗe irin makarantar a waɗansu garuruwa, har da Wad Madani, babban birnin Jazira, aka kuwa ci gaba da karɓar matan ƙauye marasa karatu shekaru da yawa bayan tafiyar Turawa.

Kada mu yabi matan nan biyu fiye da kima. Sun fara daga inda ɗaliba take, wannan gaskiya ne, amma ba su bar ɗaliba ta ja gora ba. Horo ne irin na soja, malama ta faɗa, ɗaliba ta aikata daidai, ba gardama. Ba su sa koyon karatu a cikin aikin ba, ungozomar da ba ta karatu kuwa ba ta da hanyar ƙara sani sai ran da mai duba aiki ya zo. Game da kaciya kuma, da suka ga ba za su iya hana ta ba, sai suka koya wa ɗalibansu wata iri mai ɗan sauƙi da za a yi da tsabta. Suna ganin sun rage mugunta, amma abin da ya fito shi ne, al'adar ta sami hannun ma'aikaciyar gwamnati. An yi dokar hana mai tsananin a 1946, ba ta yi aiki sosai ba, sai a 2020 Sudan ta haramta kaciyar mata kowace iri. Duk da haka, a ganina, abin da Mabel ta gane ya fi kuskurenta nauyi: ta yarda cewa tsohuwar da ba ta san bihim ba tana da abin da za a ɗora ilimi a kai. Malamai da yawa masu manyan takardu ba su kai ga gane wannan ba har suka yi ritaya.

Yanzu sai mu dubi abin daga ƙofar gidan Bahaushe a Jazira. Ungozomar da aka horar a Omdurman an shirya ta ne domin macen Larabawa. Ta san yanka da ɗinki, ta san a kira ta tun naƙuda na farawa. Mutanenmu kuwa ba su zo da kaciya mai ɗinki daga gida ba, al'adarmu ta haihuwa kuma dabam take. Bahaushiya takan yi naƙudarta shiru, ita kaɗai a ɗaki, gama kunya ba ta barinta ta yi kuka, balle a haihuwar fari. Ungozoma a wurinmu sau da yawa sai bayan ɗa ya faɗo ake kiranta, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Sa'an nan ga wankan jego da ruwa mai zafi, ga kunun kanwa, ga wanzami da zai cire beli, ga yankan gishiri in naƙuda ta yi tsawo. Waɗansu daga cikin waɗannan ba su da lahani, waɗansu kuwa suna kisa. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau. Yankan gishiri kuwa yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a darasin Omdurman ba. Ma'aikaciyar da ta haddace darasi kaɗai, ta shiga gidan da ake kulle, ta tarar da matar da Larabcinta bai wuce na gaisuwa ba, to, akwatinta ba zai gaya mata abin da za ta tambaya ba.

Mafita a fili take, a horar da 'ya'yan Hausawan kansu. Amma nan ma akwai shinge. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, shekara guda bayan Sudan ta sami mulkin kai, ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna ƙasar tun kafin shigowar Ingilishi a 1898. Yawancin mutanenmu sun zo bayan haka. Wanda ba shi da takardar ɗan ƙasa kuwa, makarantar gaba da aikin gwamnati sukan yi masa wuya. Su ma iyaye da yawa ba su so makarantar gwamnati ba, suna ganin kansu matafiya ne a hanyar Makka ko da a nan aka haifi kakansu, sun fi amincewa da makarantar allo. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna a cikinsu ya rubuta littafi a kan wannan hali nasu, aka buga a 1995. An sassauta dokar daga baya, amma shekarun da aka rasa an rasa su.

A tsakanin nan koyar da aikin jinya ya hau wata hanya. An buɗe makarantar likitoci ta Kitchener a Hartum a 1924. Nas-nas kuwa, waɗanda a Sudan da yawansu maza ne, ana koyar da su a cikin manyan asibitoci, suna aiki a ɗakin marasa lafiya suna ɗan shiga aji. A 1956 aka buɗe kwalejin nas-nas ta Hartum da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, domin 'yan mata da suka gama sakandare. Ilimi ya ƙaru ƙwarai, ba mai musun wannan. Amma da allo da alli suka shigo, sai hanci da yatsu suka koma baya. Duk wanda ya zauna a aji a ƙasashenmu ya san yadda abin yake: malami yana karantowa daga tsohon littafinsa, ɗalibai suna kwafa, ran jarrabawa su mayar masa da kayansa yadda ya ba su. Mu da muke koyar da tambaya da amsa ga masu shirin baftisma mun san wannan rami sarai. Yaro yakan iya kawo amsa daidai, kalma bayan kalma, in ka juya tambayar kaɗan sai ya tsaya yana kallonka. A aji abin dariya ne. A gaban mace mai zubar da jini da tsakar dare, ba malami kusa, ba abin dariya ba ne.

Gwaji na biyu a Jazira kanta aka yi shi. A 1975 aka kafa Jami'ar Jazira a Wad Madani. Sashen koyon likitanci ya karɓi ɗalibansa na fari a 1978, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Bashir Hamad, suka gama a 1984. Shekarar 1978 ɗin nan ita ce shekarar taron Alma-Ata, inda ƙasashen duniya suka amince cewa lafiya tana farawa daga ƙauye da unguwa, ba a babban asibiti ba. Akwai kuma wata sabuwar dabara da Jami'ar McMaster ta Kanada ta soma a 1969, Jami'ar Maastricht ta Holan ta ɗauka a 1974. Mutanen Wad Madani suka haɗa biyun. A 1979, a birnin Kingston na Jamaika, aka kafa ƙungiyar makarantun lafiya masu bin wannan tafarki, Jazira kuwa tana cikin waɗanda suka kafa ta.

Ga yadda dabarar take. Maimakon a tara ɗalibai ɗari a yi musu lacca a kan hanta, sai a raba su ƙungiya ƙungiya, mutum takwas ko goma, a ajiye musu matsala a gabansu. A ce ga wani saurayi mai ban ruwa a gonar auduga, cikinsa ya kumbura, yau ya yi aman jini. Ba a gaya musu sunan cutar ba. Su za su zauna su faɗi abin da suka riga suka sani, su lissafta abin da ba su sani ba, su watse su nemo a littattafai da wurin masana, su komo bayan kwana biyu ko uku su koya wa juna. Malami yana zaune tare da su, amma aikinsa tambaya ne, da komo da su hanya in sun yi nisa cikin daji. Kafin su gama da saurayin nan sun bi ta hanta da jijiyoyinta, sun san tsutsar tsargiya da katantanwar da ke ɗauke da ita, sun san magani, sun kuma tambayi kansu dalilin da ya sa mutumin kambo yake shan ruwan magudana alhali ƙauyen masu gona yana da famfo.

Ba a aji kaɗai abin ya tsaya ba. An riƙa tura ɗalibai ƙauyuka, ƙungiya guda ƙauye guda, tare da 'yan'uwansu masu karatun noma da tattalin arziki. Zuwan fari su zauna da mutane su gano abin da ya fi damunsu, zuwa na biyu su yi wani aiki tare da mutanen gari a kan abin, zuwa na uku su auna ko ya yi amfani. A cikin birni kuma akan haɗa ɗalibi da iyali ta hannun ƙaramin asibitin unguwa, ya riƙa ziyartarsu. Kafin ya gama sai ya zauna a asibitin karkara ya ga yadda ake aiki inda likita ɗaya ne tak. A daidai wannan lokaci, daga 1979, gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka soma shirin shekara goma na yaƙi da zazzaɓi da tsargiya da gudawa a gonakin ban ruwa, wanda aka sa wa sunan Shuɗin Nilu, da hedkwatarsa a Wad Madani. Ƙasar duka ta zama kamar aji guda.

Da likitoci aka fara, amma abin bai tsaya a kansu ba. Jami'ar ta kafa cibiyar horar da malaman ma'aikatan lafiya, ta kuma buɗe sashen koyon aikin jinya. A 2001 gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa hannu a kan shirin ɗaga karatun nas-nas da ungozomomi zuwa matsayin jami'a, a 2005 kuma ma'aikatar lafiya ta kafa makarantar horar da su mai rassa a jihohi, domin ƙasar ta wayi gari tana yaye likitoci fiye da masu jinya. Malaman jinya da suka ɗauki sabuwar dabarar, in sun duba da kyau, za su ga ba baƙuwa ba ce gare su. Aikin jinya tun asali da hannu ake koyonsa, a gefen gado. Abin da McMaster ta ƙara a kan akwatin Mabel shi ne ta ba ɗalibi izinin yin tambaya da neman amsa da kansa.

Wannan izini shi ne ya fi wa malami wuya, na kuwa gane dalili. An raine mu a kan cewa malami shi ne mai sani, yaro ba ya tsallake maganar babba. Malamar da ta yi shekara ashirin tana karanto darasi, a ce mata yau ta yi shiru ta bar 'yan mata su yi gardama, ta kuma yarda ta ce ba ta sani ba in an tambaye ta abin da ba ta sani ba, wannan kamar a tuɓe mata ɗankwali ne a kasuwa. Su ɗaliban ma da fari ba sa so. Kwafa ta fi sauƙi, jarrabawa kuma in ba a sāke ta ba, hadda take nema. Ga tsada. Ƙungiyoyi ƙanana suna bukatar malamai da yawa, da ɗakuna, da littattafai, zuwa ƙauye kuwa yana bukatar mota da mai. Daga 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta buɗe jami'o'i barkatai ta ninka yawan ɗalibai, ƙwararrun malamai kuma suka yi ta tafiya Saudiyya da ƙasashen Larabawa neman albashi. Ƙungiyar da aka shirya domin mutum goma in ta zama ta talatin, ta koma lacca ke nan, sunan ne kawai ya rage.

Amma a dubi abin da dabarar take yi wa 'yar Hausa in ta sami shiga. A tsohon aji Hausarta ba ta da wani amfani, wataƙila ma abin ɓoyewa ce, kada a ce mata 'yar Fallata. A ajin da ake fara da matsala, a ce an kawo labarin mai jego a wani kambo wadda ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya mako uku bayan haihuwa. Duk ƙungiyar za ta buɗe littafi, ita kaɗai za ta san a tambayi irin kunun da ake dama wa matar da irin wankan da ake yi mata. Ran da aka je ƙauye, ita za ta wuce zaure ta shiga cikin gida, ta durƙusa ta gai da tsohuwa yadda ya kamata, ta ji abin da ba za a gaya wa baƙo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ranar nan malamarta ma ɗaliba ce a wurinta.

Mu a nan gida ba mu rasa irin wannan ba, ko da yake ba mu cika kula da shi ba. A 1974 Ekklesiyar 'Yan'uwa ta soma shirin lafiyar karkara a Garkida. Ƙauye ne yake zaɓen mutanensa, a kai su horo na 'yan watanni, koyarwar kuwa da tatsuniya da waƙa da wasan kwaikwayo ake yinta, ɗalibi ya ji labari, ya maimaita shi da bakinsa, ya ƙaga nasa, ya koma gida ya ba da shi a dandali. Mutane daga ƙasashe dabam dabam sun zo Garkida ganin wannan. Jami'ar Ilori ma tun farkon sashen likitancinta take tura ɗalibai su zauna a ƙauyuka. Makarantunmu na jinya a Vom da Wusasa da sauransu suna da inda za su duba ba sai sun ƙetare teku ba.

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa mutanen Jazira da Shuɗin Nilu nauyi. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da waɗansu kabilun wurin a kan ƙasa da sarauta, ya sāke tashi a watan Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Mutane ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, tsohuwar maganar nan ta wane ne ɗan ƙasa ta komo sabuwa. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF. Wad Madani ta zama mafakar waɗanda suka gudu, asibitocinta suka ɗauki nauyin ƙasa, har zuwa Disamba na shekarar, sa'ad da RSF suka shiga birnin. Aka washe jami'ar da asibitoci, malamai da ɗalibai suka watse, waɗansu zuwa Gadarif da Kasala da Fot Sudan, waɗansu zuwa Masar. A 2024 yaƙin ya gangara jihar Sinnar, inda Mai Wurno take. Sojan gwamnati sun karɓe Wad Madani a watan Janairu na 2025, amma ginin da aka kwashe kayansa ba ya komawa makaranta a rana ɗaya, malamin da ya sami aiki a wata ƙasa kuma ba lalle ne ya komo ba.

A watannin da hanyoyi suka rufe, macen ƙauye da naƙuda ta kama ba ta da zuwa Wad Madani ko Sinnar. Abin da ya rage mata shi ne wanda yake kusa, ungozomar unguwa, ko wani ma'aikacin jinya da ya gudo gida wurin iyayensa, ba likita a bayansa, ba wanda zai tambaya, maganin da ke hannunsa kuwa kaɗan ne. Abin da ya yi a daren nan ya dogara ga yadda aka koyar da shi shekaru kafin haka, ko an saba masa da tsayawa gaban matsala ya yi tunani, ko kuwa kwafa kaɗai ya sani. A ƙauyukan Hausawa kuma akwai tambaya ta biyu a kan ta farin, ko a cikin masu akwatin akwai wadda za ta ji abin da mai naƙudar take faɗa.